Takardar da Baba Ya Ƙi Dangwala wa Hannu

Bana ruwa ya ɗauke mana kwana goma sha tara a tsakiyar damina. Gero ya kai gwiwa, ya fara naɗe ganye da rana, sai da asuba yake ɗan buɗewa. Kowace la'asar nakan fito ƙofar gidana a nan Jega in zauna ina duban gabas, samarin unguwa kuwa wayoyinsu suke dubawa, su ce min an ce sai Laraba. Masu gona a fadama suka jawo injinan ban-ruwa, tun da sassafe kana jin ƙararsu har cikin gari. Ba wanda ya kwana da yunwa a layinmu. A rana ta ashirin ruwan ya sauko, aka yi hamdala, kowa ya koma sha'aninsa. Ni dai kwanakin nan sun mai da ni wata damina ta can baya, lokacin muna jihar Sakkwato, shekarar da na rasa 'yata ta fari, na kuma koyi wata kalmar Turanci da har yau ba na son jin ta.

Sunana Sahabi. A lokacin shekarata ashirin da shida, ina koyarwa a makarantar firamare ta Kashin Zama, amma gidanmu yana Birnin Malam. Ranar Juma'a bayan an tashi nakan hau keke in tafi gida, in koma ranar Lahadi da yamma. Gidan namu mutum goma sha ɗaya ne a tukunya ɗaya: Baba da Inna, da ƙannena, da iyalin yayana da ya tafi kudu neman abinci, sai ni da matata Kulu, 'yar ƙauyen Sarandosa, da jaririyarmu. Sunan mahaifiyar Baba aka sa wa yarinyar, shi ya sa ba mai kama sunanta a gidan, Nana ake ce mata. Baba kuwa uwata yake kiranta. Watanta tara da damina ta kama.

Mahaifina sunansa Arzika. Dogo ne, baƙi, mai ƙarancin magana, kuma noma kaɗai ya sani. Rumbu uku gare shi a bayan gida. A wani fari da aka yi shekara goma kafin wannan, shi ne ya buɗe rumbunsa ya ciyar da rabin unguwa, kuma mutane ba su manta ba. In ya zo wucewa a majalisa akan tashi a ba shi wuri, alhali ba shi da sarauta, ba shi da malanta. Ya saba shi ake zuwa wurinsa.

Azumi ya faɗo daidai farkon damina a shekarar. Ruwan farko ya sauka muna cikin goman farko, aka fita shuka da azumi a baki. Maza a gaba da sungumi muna sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da dunduniya. Kafin hantsi ya ɗaga yashi ya fara cin tafin ƙafa, leɓe ya bushe, ba mai yi wa wani magana. In an sha ruwa, Inna takan damo hura a babbar ƙwarya, ga kunun tsamiya, mu sha mu miƙe a tabarma kamar an doke mu. Duk da wahalar muna murna, don shuka ta fito da kyau, layi-layi, kore shar. Daga nan sai sama ta yi shiru. Wata iska mai zafi ta taso ta yi kwanaki tana kaɗawa, ta binne rabin shukar da yashi, rana ta ƙone sauran.

Bayan salla aka sake samun ruwa, aka ce a koma. Amma gidaje da yawa ba su da iri, don kakar bara ma ba ta yi daɗi ba, wasu sun riga sun cinye abin da suka ajiye. Sai aka fara sallama a zaurenmu. Baba bai mai da kowa hannu biyu ba, ya rinƙa fitar da dami yana bayarwa. Inna ta yi masa magana sau ɗaya, ta tuna masa rumbu biyu sun riga sun zama wayam, na ukun ma ya yi ƙasa. Ya ce mata irin da aka sa a ƙasa ba asara ba ne, kowa zai girbe, kowa zai ci. Ba ta sake tada maganar ba.

Shuka ta biyu ta yi ƙoƙari. Muka yi noman farko da gayya, gonar wannan yau, gonar wancan gobe, har gero ya kai gwiwa. A nan ruwan ya tsaya cak. Abin da ya fi ci mana rai shi ne hadari bai daina haɗuwa ba. Da la'asar gabas takan yi baƙi ƙirin, a yi ta cida, mata su fito da tukwane da ƙore su jera a tsakar gida, har ka ji ƙanshin ƙasar da ta jiƙe a wani wuri. Sai iska ta taso ta watsa shi, a kwashe tukwanen a bushe. Sau uku muna fita sallar roƙon ruwa a filin idi, da tsofaffi da yara, an juya riguna bai-bai. A fita ta uku ina bayan Baba a sahu. Da liman ya ɗaga hannu yana kai kukanmu, na ga kafaɗun Baba suna rawa, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin haka ba, na sunkuyar da kai.

Yunwa ba rana ɗaya take shiga gida ba. Da farko aka daina tuwon rana, sai na dare. Daga baya tuwon ya koma kunu, kunun ya koma ruwa-ruwa, aka fara haɗa shi da dusa. Da sassafe Kulu da matar yayana sukan bi sauran mata daji da ƙore a ka, su ɗebo tafasa da yaɗiya da rama, kullum tafiyar tana ƙara nisa. Sukan kawo 'ya'yan anza, a jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, amma bai taɓa fita duka ba, sai ka ji shi a maƙogwaro har washegari. Muka sayar da awaki, muka sayar da jaki. Albashina in ya zo garin rogo nake nema da shi a kasuwar Jega, wani lokacin ma a rasa shi, kuma abin da na samo ba ya kai mu mako biyu. Samari suka watse cin rani tun damina ba ta fita ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne shirun safiya. Garin da tun asuba kake jin luguden turmi ta ko'ina, sai ka wayi gari ba ka ji ko ɗaya ba. Yara ma sun daina guje-guje, sai zama a inuwar katanga.

Cikin haka labari ya zo cewa an kawo hatsin taimako Jega, ana rabawa ƙauyuka. Amma sai gari ya rubuto takardar nema da Turanci, a jera sunayen masu gidaje a ƙasa, kowa ya dangwala yatsa a gefen sunansa. Wanda ke karɓar albashi ba ya ciki. Mai garinmu ya aika aka kira ni, ya ce ga aikina ya samu, in rubuta musu takardar da in an karanta ba za a ajiye ta gefe ba.

Na koma Kashin Zama da wannan nauyi. Akwai abokin aikina a can, Malam Yohanna, Kirista ne daga kudancin Zariya, ya girme ni da kamar shekara goma, shi ke koyar da Turanci a manyan azuzuwa. Muka zauna a ofishin hedimasta bayan an tashi yara, ga keken rubutu na makaranta a gabanmu. Na rubuta bayanin shuka biyu da suka ƙone, da rumbunan da suka ƙare, duk ya tafi daidai. Da na zo wurin roƙon sai na tsaya. Na ce masa ina son kalmar da ta fi ask ƙarfi, amma ba na son beg, don ta yi kama da bara.

Ya ce akwai appeal, ita aka saba sa wa a takardun ofis, ba ta ƙasƙantar da mai nema. Na ce kowane ƙauye ita zai sa, ba wata? Sai ya ce akwai wata tsohuwar kalma, beseech. Ya rubuta min ita a gefen takarda. Ya ce su a coci suka fi jin ta, in ana addu'a. Ma'anarta roƙo da magiya, irin na wanda ya zube ƙasa, ya san ba shi da wata dabara, ya kuma san abin da yake nema yana hannun wanda yake roƙo. Ya ce kai tsaye ake ɗora ta a kan mutum, a ce we beseech you, ba a sa komai a tsakani.

"Amma tana da nauyi, Malam Sahabi," in ji shi. "Ba a yi wa mai sayar da albasa ita. Sai wanda ranka yake hannunsa."

Na ce ai ranmu a hannunsu yake. Gaskiyar magana kuwa, kalmar ce ta burge ni. Ina matashi, ina ganin in akawun ofishin rabon ya ci karo da ita zai san a Birnin Malam ma akwai wanda ya yi karatu. Na buga ta sau biyu a takardar, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. Takardar ta fito fes, ba gyara ko ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a ƙofar gidan mai gari. Na karanta da Turanci don a ji yadda take, sannan na fassara a dunƙule: muna neman taimako, ga halin da muke ciki. Aka fara dangwalawa, ina kiran suna, mutum ya matso ya taɓa tawada ya danna. Da na kira sunan Baba bai taso ba. Daga inda yake zaune ya ce:

"Sahabi, wagga da kak karanta har sau biyu, mai kama da tsaki, mi taka nuhi?"

Da na ce masa nema take nufi, da an wuce wurin. Amma ina son a san na san ta. Na tsaya a gaban mutane na zayyana masa duk yadda Malam Yohanna ya gaya min, da zubewa ƙasan, da magiyar, da cewa a wurin addu'a aka fi faɗinta. Baba ya saurara har na gama.

"To ai ita munka yi a hilin idi," ya ce. "Abin da munka hwaɗa ma Allah, shi za mu juya mu hwaɗa ma akawu?"

Mai gari ya ce masa takarda ce kawai, al'adar ofis ce, ba wanda zai ɗauke ta sujada. Liman ma ya sa baki, ya ce neman taimako wurin hukuma ba laifi ba ne. Baba ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Ku dangwala, ban hana kowa ba. Ni dai hannuna bai hawa."

Bayan ya tafi mai gari ya jawo ni gefe, ya ce in soke kalmar in sa wata, a bi shi gida da takardar. Na ce masa keken rubutun yana Kashin Zama, kuma jibi ake rufe karɓa. Hakan gaskiya ne. Amma biro na cikin aljihuna, layi biyu kawai zan ja in rubuta appeal a sama. Ban yi ba. Ban so in ɓata takardar da ta fito fes ba, kuma raina ya ɓaci da ya kunyata ni a gaban mutane. Na ce a raina in yunwa ta ƙara matsawa shi da kansa zai nemi a sa shi. Takarda ta tafi Jega da sunansa, gefen sunan babu tawada.

Bayan mako uku mota ta sauke buhuna a bakin hanya, masara ce ja ta ƙasar waje. Aka raba wa duk wanda ya dangwala, gidanmu aka tsallake. Rabon ba wani mai yawa ba ne, amma ranar an ji turmi a Birnin Malam. Waɗanda Baba ya ba iri ba su ji daɗi ba. Matansu suka rinƙa zuwa ta bayan darni da 'yan ƙore a rufe, Inna na karɓa ba tare da ya sani ba. Sai dai tuwon masarar nan launinsa ba ya ɓoyuwa. Da aka ajiye masa akushi ya buɗe, ya daɗe yana kallon tuwon. Bai tambayi inda aka samo ba. Ya yi loma biyu, ya wanke hannu, ya tura wa jikokinsa. Haka ya rinƙa yi har abin da aka kawo ya ƙare, bai fi kwana biyar ba.

A cikin makonnin nan ne nonon Kulu ya ƙafe. Ita ma ba abin da take ci sai ganye, ga tafiyar daji kullum. Nana takan kama ta yi ta ja, ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa. Aka fara ba ta kunun dusa a tace, cikinta bai karɓa ba, gudawa ta kama ta. Na kai ta ɗakin shan magani, aka ba mu ruwan gishiri da sukari, malamin ya ce abinci take bukata, in da hali madara. Yarinyar da ta fara rarrafe tana kama ƙafar mutane ta koma sai kwanciya. Idanunta suka faɗa, maɗigarta ta lotsa, kukan ma ya zama ba ya fita sai ɗan nishi. Lokacin an yi hutun makaranta, ina gida, ina ganin komai.

Kulu mace ce mai tsananin kunya. Shekara biyu da aurenmu ba ta taɓa haɗa ido da Baba ba, in za ta gaishe shi daga nesa take durƙusawa. Wata safiya yana zaune a zaure yana gyara ƙotar fartanyar da ba ta da sauran aiki, ni ina gefe, sai ga ta ta shigo da Nana a hannu, ba goyo ba. Ta zo har gabansa ta durƙusa, ta ɗora masa yarinyar a cinya.

"Baba, ga uwakka nan," ta ce. "Ni ban da abin ba ta."

Ta tashi ta koma ciki. Baba ya ajiye ƙotar. Ya sa tafin hannunsa a ƙirjin yarinyar, hannun ya kusa rufe ta gaba ɗaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya kira Inna ta karɓe ta, ya shiga ɗaki ya sako rigarsa ta Juma'a, ya ce min in fito da keke.

Na goya shi a baya inda hanya ta yi tauri, inda yashi ya yi yawa mu sauka mu tura. Hagu da dama gonaki ne sun yi fari fat, kara a tsaye ba kai, ganye na ƙara in iska ta taɓa shi. Mun wuce mushen saniya biyu a bakin hanya. Rana ta take, gumi ya jiƙa rigarsa ta manne masa a baya, ina ganin ƙasusuwan kafaɗarsa. Muka shiga Jega gab da azahar.

A ƙofar ofishin rabon mutane ne zazzaune a inuwa, daga ƙauyukan Aliero, daga na Maiyama, kowa da buhunsa a naɗe a hammata. Wasu sun san Baba, suka tashi suna gaishe shi suna mamakin ganinsa. Muka jira har aka ba mu hanya. Akawun mutumin kudu ne, siriri, da tabarau, ga tarin takardu a gabansa, fanka a sama ba ta juyawa. Na fara yi masa bayani da Turanci, cewa sunanmu yana cikin takardar Birnin Malam, dangwalawa ce ba a yi ba. Bai ɗago ba, ya ce an rufe wancan rabon. Ina shirin ƙara magana sai na ji motsi a gefena. Baba ne ya tattare rigarsa, ya sa gwiwa biyu a kan siminti.

"Sahabi," ya ce, "hwaɗa mai kalmar nan."

Kalmar da na tsaya ina zayyanawa a ƙofar mai gari ta ƙi fita. Baba bai dube ni ba, yana nan a durƙushe, tafukansa a buɗe a kan cinya. Daga ƙarshe na faɗe ta. Na ce mahaifina ne wannan, jikarsa na mutuwa, we beseech you.

Akawun ya ɗago. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya cire tabaransa. Sai ya zagayo daga bayan tebur da sauri ya kama Baba a kafaɗa, yana cewa da 'yar Hausarsa, "Baba, tashi. Don Allah tashi." Ya ɗauki makulli ya kai mu ɗakin ajiya ya buɗe don mu gani da idonmu. An share shi tas, sai 'yan ƙwayoyi a lungu. Ya ce mutanen da ke waje ma motar da ba wanda ya san ranar zuwanta suke jira. Ya nemo takardar garinmu a cikin tarin, ya buɗe tawada. Baba ya dangwala a gefen sunansa, a takardar nan dai, ba a sauya ko harafi ba.

Mun juya za mu tafi sai akawun ya ce mu dakata. Ya rufe ofis ya ja mu zuwa gidan da yake haya a bayan kasuwa, ɗaki biyu ne da 'yar rumfa. Ya yi magana da matarsa da yarensu. Ta fito da garin masara a ɗaure a leda, zai yi tiya biyu, da gwangwanin madarar gari da aka riga aka buɗe, saura kamar rabi. Akwai yara biyu a tsaye a ƙofar ɗakin suna kallonmu, na san madararsu ce. Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya rinƙa gyaɗa kai, alamar godiya.

Mun iso gida rana ta yi sanyi. Kulu ta tafasa ruwa ta dama madarar, ta rinƙa ɗiga wa Nana da cokali. Ta sha. Washegari ma ta sha, ta buɗe ido sosai, har ta kama gemun Baba da ya sunkuyo yana kiranta uwata. Inna ta ce in Allah ya so an tsallake. A rana ta uku bayan sallar asuba Kulu ta kira ni, ba da ƙarfi ba. Na shiga na tarar da ita zaune da yarinyar a cinya, cokalin na hannunta.

Baba ne ya ɗauke ta zuwa maƙabarta a kan hannuwansa, a naɗe cikin 'yar tabarma. Ƙasa ta yi tauri har fartanya na tsalle in an sara, ɗan ramin nan sai da muka yi karɓa-karɓa. Bayan kwana tara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun azahar har magariba, a kan karan da ya riga ya mutu. A gidanmu ba wanda ya fita ya tara tukunya.

Malam Yohanna ya zo gaisuwa a kan kekensa. Ya zauna a zaure ya ce wa Baba shi ne ya koya min kalmar, da ya sani da bai ambace ta ba. Baba ya ce masa ba shi ba ne, ba kuma takardar ba ce, ya tsaya nan bai ƙarasa ba. Ni ma ban taɓa gaya masa maganar biron da ke aljihuna ba. Mota ta biyu ta zo, sunanmu ya fito, muka ci masarar, ita ta kai mu har aka fara samun abin fadama. Kulu ta tafi Sarandosa wurin iyayenta ta yi wata huɗu, ta dawo. Mun haifi shida bayan Nana, duk sun rayu. Har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi a gabana ba, sai dai gwangwanin madarar nan ba ta yarda an zuba wani abu a cikinsa ba.

Damina ta gaba ta yi albarka. Da aka yi girbi, kafin a sa ko zangarniya ɗaya a rumbu, Baba ya zaɓi manyan kawunan gero ya ɗaure dami da hannunsa, ya ce Jega za shi. Ba mu da jaki. Na ce a ɗora a keke, ya ƙi, ya yi gammo ya ɗauka a ka, mutumin da ya haura saba'in. Na bi shi a baya ina tura keken. Da muka isa gidan bayan kasuwa sai wata mata ta fito, bahaushiya, matar wani tela. Ta ce ai mutanen da ke nan an yi musu canjin wurin aiki tun da rani, ba ta san inda aka kai su ba. Amma ta ce mu faɗi sunan mutumin, mijinta zai tambaya a ofis, ƙila a samu wanda ya sani.

Baba ya juyo ya dube ni, ni ma na dube shi. Sai a lokacin muka gane ba mu san sunansa ba. Ranar da muka zo ba wanda ya tambaya.

Ya tsaya jim da damin a ka. Sannan ya sauke shi a hankali ya jingina a bakin ƙofar, ya ce wa matar, "To, ku ci." Ta fara cewa ai ba nasu ba ne, ya riga ya juya. Muka kama hanyar gida, shi a gaba, ƙaiƙayin gero a kafaɗar rigarsa. Bai ga wata daminar ba. Da bazara ya kwanta, kwana shida, muka kai shi kusa da uwarsa Nana.